Rufin Gwaggo Yalwa

Daren jiya mafarki ya ɗauke ni ya kai ni wani gari, kuma tun da na tashi nake juya shi a raina. Ni ba mai yawan mafarki ba ne. Sana'ata sayar da tsofaffin ƙofofi da tagogi, in an rushe gida in je in tsinto abin da bai mutu ba, kuma mai irin wannan aiki in ya kwanta sai dai a tashe shi. Amma akwai abin da na kwanta da shi. Rufin ɗakin Gwaggo Yalwa, ƙanwar mahaifina wadda ta goya ni, ya rufta tun ruwan farko. Ta ɗaura tamfol a kusurwa ɗaya tana kwana a ƙarƙashinsa. Na yi na yi ta dawo gidana, ta ce nan mijinta ya bar ta, nan za a zo a ɗauke ta. Tsohuwa in ta kafe, ba ka da yadda za ka yi da ita.

A mafarkin rana ce tsaka, sai dai inuwar kowa tana gaba da shi, ita ke fara isa wuri ta zauna ta jira mai ita. Na ga kaina a ƙofar gari. An ajiye tebur a tsakiyar hanya, wata akuya na zaune a bayansa da tabarau, tana tuƙa. Ta tambaye ni sana'ata, na gaya mata. Ta ce a garinsu mai shiga tsakanin mutane ɗan aike ne, ta jawo ƙwarya daga ƙarƙashin tebur ta miƙo min.

Ta yi min bayani ba tare da ta daina tuƙa ba. Wai a nan masu sana'a biyu ba sa haɗuwa wuri ɗaya. In wannan ya iso, wancan yanzun nan ya tashi. Don haka maganar aiki a ƙwarya ake zuba ta, ɗan aike ya ɗauka, wanda aka aika wa ya shanye. Na tambaye ta wa ya kafa wannan doka. Ta ce babu wanda ya kafa, kowa dai aikinsa ne ya sha masa kai.

Ina shiga sai ga ɗakin Gwaggo a tsakiyar kasuwa, bango tsaye, sama a buɗe. Tana zaune a kan gadonta tana tsince wake. Ban yi mamaki ba, ita ma ba ta yi ba. Ta nuna min hanyar gabas da baki. Can nesa na hango wani dogon tsoho, baƙi ƙirin, ya rataya salkunan ruwa ta ko'ina, yana tafe a ƙasa yana tsayawa ƙofa-ƙofa yana gaisawa da mutane. A garin haka hadari yake zuwa, da ƙafa.

"Ka ga baƙonka can, Tanimu," in ji ta. "In ya iso bai tarar da rufi ba, a kan gadon nan zai sauke kayansa."

Ta ce ta ji wai akwai silab a wurin Barau mai rusau, in je in gani.

Sai ga ni a bakin wani tsohon sito na auduga. Ba rushe shi ake yi ba, farke shi ake yi, ana zare siminti daga mahaɗa kamar zaren tsohuwar riga. Abin da aka sauke an tara shi a wani shinge: ginshiƙai, matakala, da silab-silab an jingine su a tsaye ta gefe. Silab dai faifan kankare ne mai faɗi, wanda ake zubawa a ƙasa, ya bushe, sannan a ɗauka a ɗora a gini. Wasu daga cikinsu suna gyangyaɗi.

Barau gajere ne, ƙura ta cinye masa gira, yana saɓe da guduma wadda ke ta hamma a kafaɗarsa. Ya ce shi a aikinsa ba a tambayar abu ɗungurungum. Fasawa yake yi, ya zare rodi, ya bar ɓaraguzai a cike ramukan hanya. Wannan ɗin ya sauko lafiya ne don guduma tana barci a lokacin. In ina so in ɗauka, in ba na so, da ta wartsake zai ba ta.

Silab ɗin da ya nuna min ya yi gyaran murya. Ya ce tun kafin a haife ni yake ɗauke da rufin sito, kuma bai gaji ba, ko gobe aka ɗora shi zai yi wani zamanin. Roƙonsa ɗaya ne, kada a kwantar da shi rigingine. Barau ya fassara min. Rodin da ke cikin silab ba a tsakiya yake ba, ya fi kusa da fuska ɗaya, ita ce cikinsa, kuma ita ce dole ta kalli ƙasa. In aka juya ciki ya kalli sama, zai zauna shiru kamar mutumin kirki, ranar da nauyi ya hau shi ya karye ba sallama. Na duba wannan fuska, na zagaya na duba waccan. Duk toka-toka ne, babu bambanci. Na tambayi silab ɗin wacce ce cikinsa.

"Kai ka taɓa ganin bayanka?" in ji shi.

Na juya wurin Barau, tunda shi ya sauke shi. Ya ce ya sani sarai, amma wannan maganar aiki ce, ta Cindo birkila ce, ba a faɗa wa ɗan aike. Na ce to ya shafa alama da fenti. Ya ce shi ba mai fenti ba ne. Na ce ya nuna min da yatsa kawai. Ya ce nuni ma magana ne. Kai, na ga taurin kai a rayuwata, amma na mutanen mafarki daban ne. Na miƙa ƙwarya.

Ya sunkuya ya fara zubawa, ba sauti, sai abin da ke kwarara daga bakinsa, kuma duk da haka na gane mene ne. Gaisuwa ce. Yaya Cindo, yaya gajiya, yaya aiki, yaya iyali, yaya yara, yaya ƙafar tsohuwarsa, yaya muka ji da damina. Ta fito da kauri kamar kunu ta kwanta a gindin ƙwarya. Sai a ƙarshe ya ɗiga ainihin maganar, 'yar kaɗan, tsararo, ta tsaya a sama tana yawo.

Ina ɗago kai babu Barau. A inda ya tsaya wani ƙadangare ne mai jan kai, ya ɗora hular kwano. Shi ne Injiniya, mai duba lafiyar kankare. Bai kula ni ba, ya haye silab ɗin ya bi shi lungu-lungu, yana buga shi da jela yana kara kunne, yana cusa hanci duk inda ya ga layi. Da ya gama ya tsaya a sama ya gyaɗa kai. Na yi hamdala. Na tambaye shi ko tsohuwa za ta iya kwana a ƙarƙashinsa, ya gyaɗa kai. Wani abu ya ce min in gwada shi, na tambaya ko zai faɗo mata, ya gyaɗa kai. Na ce ranka ya daɗe, a yi min magana da baki.

"Ban samu wurin shiga ba," in ji shi.

A wurinsa wannan shi ne ƙarshen yabo. Na tambaye shi batun ciki da baya. Ya ce shi ƙarfi aka kira shi ya duba, kwanciya ba tasa ba ce. Da ya ji wurin Cindo zan je, ya ce ai ba zai yiwu in tafi ba tare da gaisuwarsa ba, sun yi aiki a gini ɗaya shekara da shekaru ko da yake ba su taɓa ganin juna ba. Ya zuba tasa. Ta nutse ƙasa, maganar Barau ta taso sama.

Sai ga ni a gaban ɗakin Gwaggo. Wata kaza mai wake-wake tana tono a ƙasa, kowa na ce mata Hajiya mai zane. Duk abin da ta tona a ƙasa, haka gini yake tsayawa. Ta riga ta zana ɗakin da faɗinsa, har da wurin taga, kuma zanen ya yi kyau, ba zan ci haƙƙinta ba. Matsalar ita ce silab ɗin bai kai faɗin ɗakin ba, ya gaza da kamu guda. Na gaya mata. Ta dube ni da ido ɗaya, ta juya ta dube ni da ɗayan, ta ce in koma in ce masa ya ƙara tsawo. Na ce Hajiya, abin nan ya bushe tun zamanin iyayenmu. Ta ce ita tun da take, zane take fara yi, sannan a zuba kankare daidai da zanenta. Ba a taɓa kawo mata kaya a ce ta yi zane daidai da shi ba. Ranta ya ɓaci, ta shiga zagaye ɗakin tana ƙorafi.

Gwaggo ta ɗebi wake ta watsa a jere daga cikin ɗaki, kamu guda daga bango. Hajiya ta bi waken tana tsattsaga tana tono, layi ya koma ciki. Bangon ya ɗaga gindinsa ya matso. Gwaggo ta janye randarta don ya samu wuri, ta ce dama ɗakin ya yi mata yawa wajen shara. Hajiya ta dubi sabon layin ta ce haka ta yi niyya tun farko. Ita ma ta zuba gaisuwarta ga Cindo, kuma gaisuwar mata ba ta da gajarta. Maganar Barau ta zo daidai leɓen ƙwarya.

Na waiga gabas. Tsohon nan mai salkunan ruwa ya shigo gari, yana ƙofar wani mai shayi.

Mai ɗaukar kaya raƙumi ne, ana ce masa Direba, wuyansa yana miƙewa har ya wuce bene in ya so. Na same shi a shingen Barau yana shinshina silab ɗin. Ya ce ina kunnuwansa. Ashe ranar da ake zuba silab ana barin madaukan ƙarfe a jikinsa don a saƙala ƙugiya, su ne kunnuwa. Na wannan an datse su tun ranar da aka ɗora shi a sito, don babu wanda ya zaci zai sake tafiya ko'ina. Direba ya ce sai Injiniya ya nuna masa inda zai ɗaura. Na ce ai yanzun nan ya tashi. Ya ce haka ake gaya masa kullum. Ya naɗa masa igiyoyi masu faɗi inda ya ga dama, ya ɗaga.

Muka kama hanya, yana gaba ina biye, ina taka ƙasa a hankali saboda ƙwarya. Ranar garin ba ta zama gefe ɗaya, yanzu tana dama, an jima tana hagu. Duk inda ta koma sai Direba ya juya silab ɗin ya kare fuskarsa da shi. Na ce ya bar juya kayan mutane. Ko a jikinsa. Da muka isa ya miƙa wuya ya ɗora shi a kan bangon Gwaggo yadda ya zo a hannunsa, ya zauna daram, ba ragi ba ƙari. Sannan ya tuna bai gaida Cindo ba.

Na ce ya bari, zan faɗa masa da baki. Ya ce shi ba a yi masa wannan tarbiyya ba. Daga can sama ya sako gaisuwarsa, ta faɗo cikin ƙwarya da nauyi. Ina kallo ɗan tsararon ruwan nan ya haye leɓe, ya bi ta wuyan hannuna, ya ɗiga a ƙasa. Wata agwagwa da ke wucewa ta sa baki ta shanye, ta dube ni irin kallon wanda ya san wani abu, ta yi gaba. Na tsaya riƙe da ƙwarya cike fal, kuma na san babu komai a cikinta.

Cindo birkila ya iso bayan tafiyar Direba, dogo, da cokalin gini a hannunsa mai yatsa shida. Ya karɓi ƙwarya ya kafa kai ya shanye, ya goge baki. Sannan ya shiga amsawa ɗaya bayan ɗaya, yana fuskantar inda kowa yake: lafiya lau, gajiya ta bi lafiya, aiki da godiya, ƙafar tsohuwa da sauƙi. Da ya gama ya leƙa ƙwaryar ya tambaya ko akwai saura. Na gaya masa abin da ya faru. Ya ce Allah ya kyauta, shi dai abin da ya tarar a kan bango shi yake ɗaurewa. Ya cusa siminti a mahaɗa, ya gyara, ya shafe. Amma da yake mutum ne mai tsoron Allah, ya kawo sandunan gora ya tokare silab ɗin daga ciki, da yawa, har ɗakin ya zama ba wurin juyawa.

Ya ce al'adar garin, ba a cire tokara sai wanda ya tsaya wa rufi ya shiga ƙarƙashinsa ya tsaya. Na ce to bismilla. Ya ce shi siminti ya tsaya wa, kuma simintinsa ba shi da aibu.

Na zagaya gari ina neman mai tsayawa. Injiniya ya ce ya tsaya wa ƙarfi. Hajiya ta ce ta tsaya wa tsawo da faɗi. Direba ya ce an ba shi kaya ya kai, ko ya fasa? Kowa gaskiya ya faɗa, abin da ya fi ba ni haushi ke nan, babu wanda zan kama da laifi. Na koma wurin Barau na ce ya sake zuba min maganar. Ya ce a da silab na gabansa, yanzu kuwa sai ya gani da idonsa. Na ce to mu je. Ya ce mai rusau ba ya taka inda ake gini, cewa ake yi farar ƙafa gare shi, kuma shi ba zai je a yi masa kallon banza ba. Ya tambaya ko zan kai wa Cindo gaisuwa tunda an ɗan jima.

Da na dawo, tsohon yana bakin layin Gwaggo. Ya zauna a kan dakali ya tuɓe takalma, yana kwance bakin salkunansa a nutse. Gwaggo na tsugune a ƙofar ɗakinta, an fito da gadonta waje don gora ta cika ɗakin. Na gaya mata komai. Na ce ko dai ta haƙura ta bi ni gida, tunda rufin nan babu wanda ya san ko rufi ne ko kabari.

"Ajiye ƙwaryar nan," in ji ta. "Miƙo min tukunya."

Ta shiga ɗakin ta kafa murhu a tsakiya, a ƙarƙashin silab ɗin. Ta kama gora ɗaya daga cikin tokaran ta fizge, ta karya a gwiwa ta cusa a wuta. Na ce Gwaggo, me kike yi haka. Ta ce girki. Ta tuƙa tuwon dawa, ta kaɗa miyar kuka da daddawa da man shanu, ta ce yau gayya take yi, kuma tuwon gayya ba a aika wa mutum shi, mai ci shi ke zuwa. Ƙamshin ya fita ta ƙofa, na gan shi da idona, ya rabu ya bi layi-layi.

Kan Direba ne ya fara shigowa ta taga. Sai Hajiya ta shigo tana cewa wucewa take yi. Injiniya ya gangaro ta bango. Cindo ya yi sallama ya tsuguna ya wanke hannu. Babu wanda ya ɓace don wani ya iso. Suka zauna suna satar kallon juna. Can sai ga Barau a bakin ƙofa, ya jingine gudumarsa a waje, ya tsaya yana duban ƙafafunsa.

"Shigo, Barau," in ji Gwaggo. "Ƙafarka ba ta fi ta kowa fari ba, ƙura ce."

Ya shigo. Cindo ya ce shi duk zamansa ya ɗauka Barau wani ƙato ne. Barau ya ce shi ma ya ɗauka Cindo tsoho ne. Suka gyara zama za su fara gaisawa daga tushe, Gwaggo ta dire akushi a tsakiyarsu ta ce gaisuwa sai an ci. Suka sa hannu a kwano ɗaya, mai baki ya sa baki. Ita kuwa duk sanda wuta ta yi ƙasa sai ta miƙa hannu ta zare wata gora. Ni kaɗai nake lura. Tokaran suka yi ta raguwa har ana iya miƙe ƙafa.

Gora in ta ji wuta fashewa take yi. Wata ta fashe da ƙara, kowa ya ɗaga kai sama. Barau na riƙe da loma, ya daɗe yana kallo.

"Wannan bayansa ne," in ji shi.

Ya nuna wasu 'yan ɗige-ɗigen tsatsa kusa da kusurwoyi, ya ce guntayen kunnuwan da aka datse ne, kuma kunne a baya yake, ba ya zama a ciki. Direba ya ce ai ya gan su tun a hanya, babu wanda ya tambaye shi. Injiniya ya ce da an ce masa juya shi za a yi ta yi, da ya faɗi inda za a ɗaura. Cindo ya ce simintin bai gama kamawa ba, in za a yi a yi yanzu. Duk wannan da baki suka yi shi, kuma ban ga wanda ya mutu ba. A sama silab ɗin ya yi wani ɗan nishi, ƙasa ta zubo kaɗan.

Na ce Gwaggo ta fita a juya shi. Ta ɗauki faifai ta rufe tukunyar miya.

"In na fita, kowa zai tuna yana da aiki a wani wuri," in ji ta.

Haka aka yi shi tana zaune. Cindo ya kankare simintinsa da cokali. Injiniya ya bi silab ɗin da gudu yana tsayawa inda za a sa igiya, Direba na ɗaurawa. Hajiya ta haye bango tana kiran layi, a matsa dama, a dawo kaɗan. Ni da Barau muka kama kusurwa, shi can ni nan. Da Direba ya ɗaga, sama ta buɗe, na ga tsohon nan tsaye a tsakar gida ya ɗaga salka ɗaya a kafaɗa. Silab ɗin ya miƙe a tsaye ta gefe, daidai kan Gwaggo, da dukan nauyinsa, igiya na kuka. Ita tana kwashe sauran tuwo daga tukunya tana mulmulawa. Silab ɗin ya juya a hankali ya kwanta, ciki a ƙasa, ya sauke ajiyar zuciya. Cindo ya bi mahaɗa da sabon siminti, ya kafa gora ɗaya da ta rage a tsakiya, ya ce al'ada dai tana nan, sai an samu mai tsayawa.

Injiniya ya gyaɗa kai, amma wannan ba ya cikin lissafi.

"Tanimu, cire," in ji Gwaggo.

"Ki fita tukuna, Gwaggo. In ya zauna sai ki dawo."

"Ɗan nan, gobe ma ni ce a ƙarƙashinsa, jibi ma ni ce. Kuma gobe babu kowa a nan. Gara a gwada shi yau da nake da mutane."

Na dubi ƙofa, a buɗe take, duk mai son fita zai fita. Barau ya miƙa kwano a ƙara masa miya. Cindo ya ja jiki ya dawo tsakiyar ɗaki, daidai gindin gorar. Hajiya ta sauko daga bango ta kwanta kusa da ƙafar Gwaggo. Direba ya ƙara turo wuyansa ciki, Injiniya ya cire hular kwanonsa ya ajiye a ƙasa. Tsoro bai sake ni ba, amma na ji kunyar in zama ni kaɗai ne mai kallon ƙofa. Na kama gorar da hannu biyu, na yi bismilla, na fizge.

Babu abin da ya faru. Rufin yana sama, mu muna ƙasa. Gwaggo ta karɓi gorar daga hannuna ta jingine a bango, ta ce a shigo mata da gadonta.

Muna sa gadon tsohon ya yi sallama daga waje. Gwaggo ta amsa, ta ce ya sauke kayansa a sama, ciki da mutane. Muka ji ya hau. Ya kwance salkunansa gaba ɗaya, ruwa ya sauko ta ko'ina, ta taga muna ganinsa, ɗigo ɗaya bai shigo ba. Gwaggo ta hau gado ta miƙe ƙafa ta ja mayafi. Na daɗe ban ga ta kwanta ba tare da ta fara duban sama ba.

Sai dai ƙarar ta dame ni. Ruwan yana dukan rufin da ƙarfi, ratata, har ba ma jin juna. Na ce wa Cindo kankare ba ya irin wannan ƙara, wannan ƙarar kwano ce. Ya buɗe baki zai amsa.

Na farka. Gari ya waye, ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya a kan kwanon ɗakina, kuma da alama an daɗe ana yi. Ɗakin Gwaggo yana can ƙarshen unguwa yadda na bar shi jiya, da tamfol a kusurwa ɗaya. Na sauko ina laluben takalmina a ƙarƙashin gado.